Littafin da ake ganin ya fi ƙarfin yara: a ƙone shi, a cire shi, ko a canja masa kanta?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni mataimakin shugaban wata ƙaramar sakandare ne ta jeka-ka-dawo a wani ƙauye a ƙasar Ringim, Jihar Jigawa. Bara wata ƙungiya ta ba mu kwalayen littattafai, muka haɗa da 'yan namu na da muka buɗe ɗan ɗakin karatu. Kwanan nan wani uba ya ga 'yarsa 'yar aji ɗaya da littafin kimiyya mai zanen jikin mace da bayanin al'ada. A satin kuma aka sami littafin soyayya na Hausa a jakar wata yarinyar. Magana ta kai gaban mai gari. Yanzu shugaban kwamitin makaranta ya ce a kwashe duk littattafan labari, wasu ma cewa suke a ƙone. Ni ba na so a rufe ɗakin, ba na kuma so a ce muna ɓata tarbiyyar 'ya'yan mutane. Ta yaya ake gane littafin da ya dace da shekarun yaro, kuma wa ke da ikon hana littafi a makaranta?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ba ka yi saurin datse ƙofar ka jefa makulli a aljihu ba, don abin da aka fi yi ke nan idan irin wannan ta taso. Yadda na fahimce ka, abu biyu kake nema: ma'aunin da za a ɗora littafi a kai a ce ya dace da 'yar aji ɗaya ko bai dace ba, da kuma mai hurumin cewa a fitar da shi. Ra'ayina shi ne kada a ƙone komai, kada a rufe ɗakin, kada kuma a ɗauki uban nan a matsayin wanda bai waye ba, domin yana da haƙƙin tambaya. Na daɗe ina aikin ɗakin karatu na makarantu, ina kuma horar da malaman da ake ɗora wa kula da shi a ƙauyukan Kano da Jigawa. Littattafan da na ga sun cancanci a fitar da su gaba ɗaya kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawa, hannun da bai kamata ba suka faɗa, a lokacin da bai kamata ba, babu kuma babba a kusa.

An taɓa gwada wuta

Shawarar ƙonawa ba a ƙauyenku aka fara ta ba. A 2001 Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai, wadda aikinta ya haɗa da ɗab'i. A 2007, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, an tara littattafan soyayya na Hausa aka ƙone su a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, da hujjar cewa suna ɗauke hankalin 'yan mata daga karatu, suna kuma ɓata musu tarbiyya. Duk wanda ke cikin harkar ya san abin da ya biyo baya. Marubuta ba su ajiye alƙalami ba, 'yan mata ba su daina karantawa ba, kuma cikin 'yan shekaru labaran suka koma waya, inda babu hukumar da ke ganinsu kafin su isa ga mai karatu. A Oktoban 2023 an sake yin wata ƙura a kan wani tsohon littafin koyon karatun Turanci daga Birtaniya, Queen Primer, saboda wata kalma da a da take nufin farin ciki, a yau kuma aka fi saninta da nufin luwaɗi. Hukumar ta Kano ta kwashe kwafi fiye da dubu daga kasuwa, Majalisar Wakilai ta nemi a hana shi, gwamnatin Kano kuma ta fitar da jerin wasu littattafan darasi da ta hana a makarantu, har da na kimiyya na ƙaramar sakandare. Don haka uban da ya tsorata da littafin kimiyya, wataƙila a rediyo ya fara jin tsoron.

A Amurka ma rigimar tana nan, ta ma fi tamu zafi. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar ta ƙirga littattafai 4,240 da aka nemi a cire ko a taƙaita a 2023 kaɗai. Tun a 1982 maganar ta kai kotun ƙolinsu, a shari'ar da ake kira Pico, bayan hukumar wasu makarantu a Jihar New York ta kwashe littattafai ɗalibai suka kai ƙara. Kan alƙalan ya rabu, amma ra'ayin da aka fi ambato shi ne hukuma ba za ta cire littafi don kawai ba ta son ra'ayin da ke ciki ba, sai dai tana iya cirewa idan batsa ta yi masa yawa ko bai dace da karatun ɗalibai ba. Dokarsu ba tamu ba ce, abin da suke ganin ya dace da ɗan shekara 12 ma sau da yawa ba za mu yarda da shi ba. Abu ɗaya nake arowa daga gare su: koke a rubuce, kuma ba a yanke wa littafi hukunci sai an karanta shi daga bango zuwa bango.

Shekaru kaɗai ba sa isa ma'auni

A bayan wasu littattafan ƙasashen waje za ka ga an rubuta shekarun da aka yi su dominsu. A ajinka wannan lamba ba ta da amfani sosai. Aji ɗaya na ƙaramar sakandare a ƙauye yana iya haɗa 'yar shekara 11 da 'yar 16 wadda aka riga aka kawo kuɗin gaisuwarta, ya haɗa yaron da ya fito firamare kai tsaye da saurayin da ya yi shekaru a tsangaya kafin ya shigo boko. Sannan ga wanda ya kai 15 amma karatunsa na ɗan aji uku na firamare ne. Shi ya sa nake yi wa kowane littafi tambaya uku: yaron zai iya karanta shi? Zuciyarsa za ta iya ɗaukar abin da ke ciki? Yana da buƙatar saninsa yanzu? Ta ukun ita ake mantawa, alhali ita ce ke raba gardama a maganar littafinku na kimiyya.

A nan ina so ka tsaya, domin hujjar da za ta shiga kunnen mai gari da liman tana cikin gidanmu. Karatun zaure bai taɓa ɓoye wa yaro maganar jiki ba. Jeranta ta ya yi. Ana fara wa ɗalibi da Ahalari da Ishmawi, a wuce Iziyya, a kai Risala, kuma tun a na farkon akwai babin haila da nifasi da janaba da abin da ke wajabta wanka. Yarinya 'yar Islamiyya tana jin waɗannan kafin ta balaga, saboda ranar da abin ya zo mata sai ta san hukuncin sallarta da azuminta. Alƙur'ani da kansa, a Suratun Nur aya ta 58 da 59, ya bambanta yaran da ba su balaga ba da waɗanda suka balaga a wajen neman izinin shiga ɗaki. Hadisi ya sa shekara bakwai don umartar yaro da salla, goma kuma don tsanantawa da raba musu shimfiɗa. Bukhari ya kawo maganar Sayyidina Ali cewa a yi wa mutane magana da abin da za su gane. Duk wannan mataki-mataki ne. Abin da ya sa babu uban da ke tayar da hankali a kan babin haila a Ahalari shi ne akwai malami zaune, akwai ladabin wurin, an kuma san dalilin karatun.

To littafin kimiyyar nan, idan zane ne na koyarwa irin wanda ke nuna mahaifa da yadda al'ada ke zagayowa, ilimin da ke cikinsa 'yar aji ɗaya tana buƙatarsa, wata ma ta makara. Malamai mata da yawa sun ba ni labarin yaran da jini ya fara zo musu a aji suka ɗauka ciwo ne, suka yi kwanaki ba su faɗa wa kowa ba, wasu suka daina zuwa makaranta. Kuskuren da aka yi shi ne barin littafin a buɗaɗɗiyar kanta, ya tafi gida cikin jaka, ƙanne su buɗe, uba ya gani babu wanda ya taɓa yi masa bayani. A makarantar da ke haɗe maza da mata kuma, ka san yadda irin wannan shafi ke yawo a bayan aji ana ƙus-ƙus. Kunya abu ce mai daraja a wurinmu, ba kuma za a kore ta da sunan kimiyya ba. Wurin littafin nan kantar malamai ce. Malama ta ɗauko shi ta karantar da 'yan mata su kaɗai, malami ya yi wa maza nasu, a mayar da shi. Idan babu malama a makarantar, wanda na san yana faruwa, a roƙi ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ta garin ko malamar Islamiyya ta zo ta zauna da su. Amma idan ka duba ka tarar hoto ne na tsiraici da ya wuce buƙatar darasi, ko bayani da ke koya wa yara yadda ake yi maimakon yadda jiki yake, wannan ya fita daga abin da nake karewa.

Na soyayyar kuwa, fara duba ko akwai hatimin makaranta a jikinsa. A jaka aka same shi, kuma a yawancin lokutan da aka kira ni kan irin wannan, littafin daga gida ya fito, na yaya ne ko na matar wa. Idan haka ne, ɗakin karatunku ana shirin hukunta shi ne a kan laifin da bai yi ba. Idan naku ne, a karanta. Littattafan da ake kira na soyayya, waɗanda suka bunƙasa a Kano tun tsakiyar shekarun 1980, ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai masu magana a kan auren dole da zaman kishi da sakin wulaƙanci da karatun 'ya mace, waɗanda 'yar babbar sakandare za ta ƙaru da su. Akwai na shirme marasa cutarwa. Akwai kuma na batsa tsagwaronta, waɗanda ba su da wuri a makaranta ko a kantar malamai. Abin da nake dubawa shi ne ko littafin yana nuna mummunan abu ne ko yana ƙawata shi, da kuma iyakar zurfin da ya shiga wajen siffantawa. In da kasancewar mugun hali a labari shi ke sa a hana shi, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, mai cike da ƙarya da yaudara da ramuwar gayya, bai kwana a makaranta ba, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai satar yaro da cinikin bayi, ya bi shi. Tun shekarun 1930 ake karanta su, iyayen da ke cewa a kwashe littattafan labari wasunsu da su suka koyi karatu.

Bari in ɗan kauce. Inda na fi samun abin cirewa shi ne cikin kwalayen kyauta, kuma ba kasafai iyaye ke lura da su ba saboda da Turanci suke. Mai bayarwa da kyakkyawar niyya yake yi, amma sau da yawa abin da wani ɗakin karatu a Turai ya share ne aka ɗuro: labaran manya masu bango mai kyau, littattafan wa'azin wani addini da aka yi wa rigar tatsuniya, jagorar kwamfutar da aka daina ƙerawa. A cikin namu na gida kuma akwai masu zagin wata ƙabila ko wata ɗariƙa, da tsofaffin littattafan zamantakewa da ke cewa Legas ce babban birnin Nijeriya, taswirarsu babu Jigawa, jihar da aka ƙirƙira a 1991. Ban taɓa ganin uban da ya kawo ƙara a kan wannan ba, alhali yaron da ya haddace shi zai faɗi jarrabawa. Kwali ba ya hawa kanta sai an zazzage shi an duba ɗaya bayan ɗaya. In ba a yi haka bara ba, yanzu lokacinsa ne.

Wa ke da iko

Uba yana da cikakken iko a kan abin da 'yarsa za ta karanta. Idan ya ce kada a ba ta aron littafin labari, a rubuta a gaban sunanta a rajistar aro, a kiyaye. Ikonsa bai kai kan 'yar maƙwabcinsa ba, wanda wataƙila shi so yake tasa ta karanta. Kwamitin kula da makaranta yana da bakin magana mai nauyi, kuma makarantar da ta yi faɗa da kwamitinta ba ta zama lafiya, amma shugabansa shi kaɗai ba zai ba da umarnin kwashe kayan gwamnati ba. Littattafan darasi kuwa suna bin manhajar da NERDC, hukumar tarayya mai kula da manhajar makarantu, ta tsara, jiha kuma ita ke amincewa da waɗanda za a yi aiki da su, don haka idan ƙorafin ya shafi littafin darasi, hanyarsa ita ce sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zuwa Dutse. Jerin da Kano ta hana bai zama doka a Jigawa ba, amma ka tambayi ofishin sakatare ko akwai takardar da ta zo daga ma'aikatarku. In akwai, a bi ta, ko da kana da ja, sai ka rubuta jan naka ta hanyar ofis.

Tsarin da nake koya wa malamai ba ya cin kuɗi. A raba littattafai kashi uku, a ɗiga wa ƙashin bayan kowanne fenti: kore na kowa da kowa, ruwan ɗorawa na manyan aji, ja na kantar malamai wanda ba ya fita sai da malami. A ajiye littafin koke guda, inda duk mai ƙorafi zai faɗi sunan littafi da shafi da abin da ya dame shi, wanda bai iya rubutu ba a rubuta masa a karanta masa. Sai ƙaramin kwamiti ya zauna: malamin darasin, malama, limami ko malamin Islamiyya, uba ɗaya, uwa ɗaya. Kada a bar uwar a baya, ita ce ta san abin da 'yarta ta riga ta sani, kuma sau da yawa ita ce ke cewa a bar littafin. Aƙalla mutum biyu su karanta shi duka, na Turanci a fassara wa sauran wuraren da ake magana a kai tare da abin da ya gabace su da abin da ya biyo. Hukunci ɗaya ne cikin huɗu: ya zauna inda yake, ya koma kantar manyan aji, ya koma ta malamai, ko ya fita. A rubuta dalili, kowa ya sa hannu.

Abokan aikinmu na Amurka sun fi son littafi ya ci gaba da zama a kanta har a gama bincike. A ƙauye ban ba da wannan shawarar. Sauke shi yana kwantar da hankali, yana nuna wa uba an ji shi. Sharaɗi shi ne a sa rana, sati biyu misali, a faɗe ta a gaban mutane. "Mun ajiye tukuna" marar rana ita ce hanyar da littattafai ke mutuwa a makarantunmu. Na sha shiga ofishin hedimasta na tarar da kwalaye a bayan kabad da igiyarsu ba a kwance ba, gara ta cinye rabi, dalili kuwa tsoron kada a ɓatar ko kada a yi magana. Babu wanda ya hana waɗannan littattafai a takarda, amma babu yaron da ya taɓa buɗe su.

Wanda aka yanke ya fita, a cire shi daga rajistar kaya da sa hannun shugaba, a miƙa wa ofishin sakatare, ko a ba babbar sakandare in nan ya dace. Tara yara a tsakar makaranta a cinna wa littafi wuta yana koya musu abu biyu, duka marasa kyau: cewa littafi abin zargi ne, da kuma cewa wannan ɗin lallai akwai daɗi a ciki. Yarinyar da aka samu da shi kuma kada a tsayar da ita a gaban asambuli. Malama ta kira ta gefe.

Abin da ya fi littafin muhimmanci

Ka san abin da ke bayan wannan rigima fiye da ni. Uban da ya ji makaranta ta ci amanarsa ba zai tsaya muhawara a kan manhaja ba, cire 'yarsa zai yi, wasu iyayen su bi sahu, kafin kaka a ɗaura musu aure. Saboda haka kada a aika masa takardar kira. Kai da shugaban makaranta ku taka har ƙofar gidansa bayan la'asar, ku gaisa, ku ce kun ji, kun kuma gode da ya faɗa. Ku amsa cewa littafin bai kamata ya je gida ba. Sannan ku roƙe shi ya zama uban da zai zauna a kwamitin. Mutumin da aka ba littafi aka ce ya taya dubawa, magana tasa takan sauya, ko da bai sauya ra'ayi ba. Daga nan ku je wa mai gari da liman da tsarin a hannu, kafin zaman kwamitin makaranta, kada su fara jin sa a taro.

A wurin taron, ka tuna musu da wayar da ke cikin gidajensu. A shagon caji na kasuwar garinku ana tura wa mutum littattafan da aka karanta da murya a memori da kuɗi kaɗan, a WhatsApp kuma akwai zaurukan da ake sakin labari shafi-shafi kowane dare, wasunsu da ba za ka iya karanta layi biyu a gaban surukinka ba. Yarinya ba ta buƙatar wayar kanta, ta uwarta ko ta yayanta ta isa. Ɗakin karatun makaranta shi ne kusan wuri ɗaya da babba ya zauna ya zaɓa kafin yaro ya gani. In aka rufe shi, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Yaran da ba sa karanta labari don nishaɗi kuma su ne waɗanda karatunsu ba ya sauri, su ne ke kasa gane tambayar jarrabawa ko da sun san amsar.

Ban ga littattafan nan biyu ba, don haka abin da na faɗa a kansu hukunci ne na jinsi, na takamaiman littafi yana hannun waɗanda za su karanta. Ni kuma ma'aikacin ɗakin karatu ne, inda magana ta koma halal da haram malaman garinku su ne gaba. Abin da zan ce ka nema a zama na gaba shi ne sati biyu, da mutum biyar, da izinin ɗakin ya ci gaba da buɗewa da littattafan kore kafin a gama tantance sauran. In ka aiko mini da sunayen littattafan da kamfanin da ya buga su da lambobin shafukan da ake magana a kai, zan duba in faɗa maka kantar da zan sa kowanne.